Kada Ki Sa Hannu Tukuna

Wani abu ya fara yawo a tsakanin marubutan littattafan soyayya na Hausa, kuma idan aka yi shiru, nan da 'yan shekaru za mu wayi gari labaran da matanmu suka hana idonsu barci suka rubuta sun zama mallakar mutanen da ko gaisuwa ba su iya da Hausa ba. Ta saƙon waya yake shigowa. Wata da ba ki sani ba za ta rubuto miki cewa ta karanta littafinki har ta yi hawaye, alƙalaminki ya fi ƙarfin guruf ɗin WhatsApp, lokaci ya yi da duniya za ta san da ke. Ba a jima ba sai ki ga an saki sharhi a wani shafi ana kambama ki. Daga nan sai takarda ta biyo baya, shafi goma sha wani abu da Turancin lauyoyi, a ce ki sa hannu kafin ƙarshen mako domin gurbi ya kusa cika. A jikin takardar akwai kafin alƙalami, 'yan daloli ko 'yan dubban nairori, kuɗin da a wannan marra ba mai raina su.

Ƙanwata, idan wannan takarda tana cikin wayarki yanzu, don Allah ki dakata. Kai ma da matarka ko 'yarka ko ƙanwarka take rubutu, ka ce ta dakata. Maganar ta shafi marubuta maza, amma mata ne suka fi yawa a wannan fage, kuma su aka fi yi wa shigo-shigo ba zurfi.

Abin da ya sa lamarin ya tsaya mini a rai shi ne, da ƙarfin aljihun marubutansa wannan adabi ya tashi. A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed bayan wata gasa da ya shirya. Ba a ɗauki lokaci ba tattalin arzikin Nijeriya ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka karkata ga littattafan makaranta. Matasan da ke da labari a ka ba su zauna jiran kowa ba. Wani da jarinsa, wata da kuɗin adashinta, suka kai rubutunsu ƙananan maɗaba'u na Kano, aka buga musu kashi na ɗaya, in ya ƙare a kasuwa a buga na biyu da kuɗinsa. Suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama don su tallafi juna. Sun sha wuya a hannun wasu 'yan kasuwar littafi da ke karɓar kaya bashi suna biya a gutsuttsure, sun sha a hannun masu satar bugu. Duk da haka littafin nasu ne, daga bango zuwa bango.

Amfanin wannan mallaka ya fito fili daga baya. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, a 1994 aka mai da shi fim. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990. Shekara 22 bayan haka, a 2012, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga fassararsa ta Turanci wadda Aliyu Kamal ya yi, littafin ya isa hannun mutanen da ba su taɓa jin Hausa ba. Da a ce tun 1990 ta sayar da duk wani haƙƙi na littafin ga wanda ya miƙa mata 'yan kuɗi a ranar, da ƙofar wani aka ƙwanƙwasa a 2012. Littafi yakan daɗe kwance kafin ranarsa ta zo, kuma ba wanda ya san wanne ne a cikin littattafanki zai yi doguwar rayuwa, har ke da kika rubuta su.

Na san abin da ke tura marubuciyar yau wajen waɗannan mutane, ban kuma ga laifinta ba. Kasuwar littafin takarda ta ja baya, karatu ya koma waya. Bayan isha'i, yara sun yi barci, ta jingina da bango tana taifin da babban yatsa, ba wuta, cajin waya yana ta zurarewa. Ta saki shafukan ɗanɗano kyauta, idan labari ya kai inda ya kama zuciya ta ce daga nan na kuɗi ne, a tura ɗari biyar ko dubu ɗaya ta asusu ko katin waya, a turo shaidar biya, ta sa mutum a guruf. Gari na wayewa sai ta tarar wata daga cikin waɗanda suka biya ta fitar da shafin, ya zaga ko'ina. Ta rubuta "ban yafe ba" a saman kowane shafi, bai hana ba. Bayan wata guda ta ji muryar wani yana karanta littafinta a YouTube, da talla a tsakiya, ko sallama bai yi mata ba. Mai irin wannan gajiya, idan aka zo mata da zancen kamfani da kuɗin wata-wata da alkawarin tsare mata littafi daga ɓarayi, da wuya ta tsaya karanta shafi na tara na takarda. Masu takardar sun san da haka.

To, mu buɗe takardar. Ki fara neman amsar wannan: sayarwa ce ko haya, kuma har zuwa yaushe? Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ba ki mallakar abin da kika rubuta tun daga lokacin da kika rubuta shi, ko ba ki yi rajista a ko'ina ba. Mallakar tana nan tsawon rayuwarki, da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarki. Saboda haka idan takarda ta ce kin ba su littafin har iya wa'adin haƙƙin mallaka, ga ma'anarsa: ke mai shekara 25, idan Allah ya ja kwananki zuwa 75, kin ba da shi na shekara 120. 'Ya'yanki da jikokinki da ya kamata su gaje shi ba za su tarar da komai ba sai abin da takardar ta rage. Daidai yake da manomin da ya sayar da gonarsa ɗungurungum a kan kuɗin amfanin damina ɗaya, alhali hayar shekara biyu ko uku ta ishi mai sayen ya ci ribarsa.

Sai ki duba me da me aka haɗa a cinikin. Manhajar da ke sayar da karatu a waya, izinin sa littafi a waya take buƙata. Me ya kawo zancen fim, da karantawa da murya, da fassara zuwa kowane harshe, da bugu a takarda, da duk wata hanya da za a ƙirƙiro nan gaba? Kowanne daga cikinsu kasuwa ce mai zaman kanta. Tun da Arewa24 da tashoshin YouTube suka buɗe kasuwar fina-finai masu dogon zango, masu shirya fim a Kano da Kaduna da Jos kullum cikin neman labari suke. Ranar da furodusa zai kira ki, sai dai ki ce masa ya nemi izini a wani ofishi da ke wata nahiya, kuɗin kuma can za su tafi. Yanzu har an fara ƙara wani sharaɗi a yarjejeniyoyin ɗab'i, na amfani da rubutu wajen horar da ƙirƙirarriyar basira. Shi ma abin ciniki ne daban. A ƙarshen 2024 kamfanin HarperCollins ya nemi yardar wasu marubutansa ɗaya bayan ɗaya a kan dala 5,000 kowane littafi na tsawon shekara uku, a raba biyu tsakaninsa da marubuci. Abin da ake neman yardar wasu a biya su a kansa, kada ke ki ba da shi gyara.

Inda aka fi cin mutane shi ne wajen lissafin kaso. Za a ce kina da kashi 50 cikin 100, ranki ya yi fari. Ki tambaya, hamsin na me? Na kuɗin da mai karatu ya biya, ko na abin da ya rage bayan kamfani ya cire ɗawainiyarsa? In na ragowa ne, wa ke ƙayyade ɗawainiyar, wa kuma zai nuna miki lissafi? Kada ki ɗauka wannan tsoron wanda bai waye ba ne. Harlequin na ƙasar Kanada yana cikin manyan kamfanonin littattafan soyayya na duniya, kuma a kan wannan gaɓa marubutansa suka kai shi kotu a birnin New York a 2012. Yarjejeniyoyin da suka sa wa hannu tsakanin 1990 da 2004 sun ba su rabin abin da mai ɗab'i ya samu. Ƙorafinsu shi ne, an rubuta wani reshen kamfanin da ke Suwizalan a matsayin mai ɗab'in, reshen kuma ya ba uwar kamfanin izinin sayar da littattafan ta intanet a kan kashi 6 zuwa 8 na farashi. Rabin wannan ɗan abin aka riƙa ba marubuta, wato kashi 3 zuwa 4. Sai a 2016 aka sasanta a kan dala miliyan 4.1. Waɗannan mata suna da lauyoyi, da harshensu aka rubuta takardar, amma sai da suka shekara huɗu suna fama. Ke kuwa taki takardar tana iya cewa duk wata jayayya a Singafo ko Hong Kong za a warware ta. Kuɗin jirgi kaɗai ya ninka abin da kike bi.

Akwai kuma sharaɗin yawan kalmomi. Manhajoji da dama masu sayar da labari babi-babi suna ɗaure ɗan ihsanin wata da cewa sai kin saki kalmomi kaza kusan kullum. Kwana kaɗan kika tsallake, ko haihuwa kika yi, ko rasuwa aka yi muku, kuɗin watan sun tafi. Labarin da ya kamata ya ƙare a babi 40 sai a ja shi zuwa 200, a ƙirƙiro kishiya ta uku, a sa jaruma ta manta kanta, a dawo da wanda aka riga aka yi wa zaman makoki. Tun da kuma kowane babi sai an biya ake buɗe shi, editan da ke bibiyarki zai riƙa nuna miki cewa babin ɗakin kwana ya fi kawo kuɗi, ki ƙara gishiri. A nan tsorona ya fi yawa, domin mun ga abin da ya taɓa faruwa. A 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an tara littattafan Hausa an cinna musu wuta a wata makarantar 'yan mata a jihar Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta jihar ta matsa wa marubuta lamba a kan sai sun yi rajista. Masu rubutu mai tsafta da marasa tsafta duk abin ya haɗa da su. Idan aka sake irin wannan, ba wanda zai je Singafo ya kamo mai manhaja. Ke aka sani, unguwarku aka sani, gidan surukanki aka sani.

Sauran sharuɗɗan da ya kamata su tsayar da ke ba su da wuyar ganewa in an fassara miki su: cewa littafinki na gaba sai kin fara kai musu, cewa sunan alƙalamin da masoyanki suka san ki da shi ya zama nasu, cewa in kin tsaya suna iya ba wani ya ƙarasa labarin, cewa ba za ki faɗa wa kowa abin da ke cikin takardar ba. A ƙasar Sin, inda wannan salon kasuwanci ya yi girma ƙwarai, tura ta kai bango a 2020. Ranar 5 ga Mayu marubuta da dama na kamfanin China Literature, wanda ke ƙarƙashin Tencent kuma shi ke da manhajar Webnovel, suka yi yajin sakin babi saboda sharuɗɗan haƙƙin mallaka. A watan Yuni kamfanin ya fito da sababbin nau'o'in yarjejeniya. Sun sami wannan sauƙi ne domin sun haɗa kai, sun kuma baje abin da ke cikin takardunsu kowa ya gani. Sharaɗin yin shiru, irin wannan haɗin kai yake hanawa.

Ki tuna kuma kamfani ma yana mutuwa. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013, ya zama kasuwa ga marubutan Hausa da yawa, a ƙarshen Nuwamban 2023 ya rufe. Duk wadda haƙƙinta ke hannunta, a irin wannan rana kwasar littattafanta za ta yi ta nemi wani wuri. To wadda ta miƙa mallaka ta shekara 120 ga kamfanin da zai iya rufewa baɗi fa? Idan takarda ba ta ce littafi zai dawo miki ranar da suka rufe ko suka daina sayar da shi ba, yana iya faɗawa cikin kadarorin da za a sayar wa wanda ba ki taɓa jin sunansa ba.

Kada a ce baƙi kawai nake nufi. Na gida ma suna nan, da Hausa suke zuwa, da "Hajiyata" da "Antina". Akwai mai tashar karatun littattafai da zai ba ki dubu kaza ya ce ya saya gaba ɗaya, ba a fayyace gaba ɗayan me ba. Akwai furodusan da zai karɓi labari da alkawarin sai fim ya fita, fim ya fita da sunan wani a matsayin mai labari. Akwai mai kiran kansa kamfanin ɗab'i da zai karɓi kuɗin bugu a hannunki, sannan ya rubuta cewa haƙƙin littafin nasa ne. Wanda kika biya ya buga miki ɗan kwangila ne, aikinsa ya ƙare ranar da ya miƙa miki kaya. Lambar ISBN ma da ake tsorata ki da ita, Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayarwa, kina iya nema da kanki. Doka ta ce miƙa mallaka ko ba da keɓantaccen izini ba ya tabbata sai a rubuce. Wannan kariya ce gare ki, amma ki kiyayi abin da kike amsawa a saƙon waya, domin "na amince" ɗin da kika tura cikin sauri ana iya kafa hujja da shi.

Yanzu ga masu sharhi, domin sau da yawa ta hannunsu ake shigowa. Duk wanda ya zauna a guruf ɗin littafi ya san darajar sharhi a wajen marubuciya. Shi ne ladanta tun kafin kuɗi, har takan ce ba za ta ci gaba da taifin ba in ba a yi mata ba. Wannan buƙata ce wasu suka mayar sana'a. Ana biyan mai shafi ya zuba yabo a kan littafin da bai wuce shafi uku a cikinsa ba, bai kuma faɗa wa mabiyansa cewa talla ce ba. Irin wannan sharhi ba ya ɓuya: ba sunan jarumi ko ɗaya, ba wurin da labarin ya yi rauni, sai "ya yi ma'ana", "akwai darasi", "kar ki bari a ba ki labari", sai lambar asusu. Mai karatu ta biya dubunta ta tarar da shirme, gobe ta daina yarda da kowa, har da mai gaskiya, kasuwar kowa ta lalace. Mafi muni shi ne mai sharhin da ke dillanci a ɓoye: ya yabe ki yau, gobe ya haɗa ki da masu takarda, ya karɓi la'adarsa ranar da kika sa hannu. Duk wanda ya kawo miki irin wannan hanya, ki tambaye shi kai tsaye ko yana da kaso in kin amince. Dillanci sana'a ce ta halal, amma dillalin kirki yakan faɗi cewa shi dillali ne.

Mai sharhi na gaskiya kuwa yakan ceci marubuta tun kafin su ankara. A 2014 wani shafin sharhin littattafan soyayya a Amurka mai suna Dear Author ya wallafa rahoto cewa marubutan kamfanin Ellora's Cave suna kukan ba a biyan su haƙƙinsu. Kamfanin ya maka mai shafin a kotu bisa zargin ɓata suna. Marubuta da masu karatu suka tara mata kuɗin lauya, aka sasanta a 2015, a ƙarshen 2016 kamfanin ya rufe. Mai sharhin da ke cin abinci a hannun kamfani ba zai taɓa rubuta irin wancan rahoto ba. A Amurkan, hukumar kula da ciniki ta FTC ta fitar da ƙa'ida a 2024 da ta haramta saye da sayar da sharhin bogi. Mu a nan, kafin wata hukuma ta waiwayi shafukan littattafan Hausa, sai dai mu tsare kanmu da kanmu.

Muna ma da gadon da za mu koma gare shi. A shekarun 1990 an yi zazzafar muhawara a jaridu a kan waɗannan littattafai. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, ya soke su ba sassauci. Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya musu, suka ce a dube su da idon basira a ga abin da suke faɗa game da auren dole da karatun mata da zaman kishi. An ɓata wa juna rai, amma kowa da sunansa ya fito, da hujjarsa, kuma muhawarar ta taimaka wajen jawo hankalin jami'o'i ga littattafan. A ganina marubuciyar da aka gaya wa cewa kashi na biyu na littafinta ya yi ja ta fi wadda aka cika da romon baka samun alheri, ko da ta kwana da haushi a ranar.

Ba cewa nake kowace yarjejeniya cuta ce ba. Akwai masu ɗab'i da masu manhaja, a gida da waje, da ke neman ciniki na mutunci, kuma marubuta suna buƙatar su. Ana gane su ta halinsu. Suna ba ki lokaci ki kai takarda wajen lauya, ba sa fushi in kin ce a goge wani sharaɗi, suna faɗin shekarar da izinin zai ƙare, abin da za su yi amfani da shi kawai suke karɓa, suna rubuta ranar biya da yadda za ki ga lissafi. Wanda ya ce tayin zai ƙare gobe, ko ya ce takardar ba a taɓa ta, kowa haka ya sa hannu, ki yi masa godiya ki ajiye wayarki.

Ga shugabannin ƙungiyoyin marubuta, tun daga reshen ANA na Kano da na sauran jihohi har ƙananan ƙungiyoyin onlayin da ake rubuta sunansu a saman kowane shafi, wannan aikinku ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ku nemi lauyoyi masu jin Hausa, a cikin masu karatunku ma akwai su, su fassara irin waɗannan takardu sharaɗi bayan sharaɗi, su tsara samfurin yarjejeniya mai sauƙi da Hausa, ta karatun murya da ta fim da ta manhaja. Ku gayyaci jami'an Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya su yi wa mambobi bayanin tanadin da dokar 2022 ta yi na neman a sauke littafin da aka sata aka sa a intanet, domin satar ce ke kora mata wajen masu takarda. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram su tuntuɓi hukumarsu ta haƙƙin mallaka, wato BNDA, tun da dokarsu daban ce.

Ke kuma da kika riga kika sa hannu, kada kunya ta sa ki yi shiru. Ki adana kwafin takardar, da duk saƙonnin da kuka yi da su, da shaidar kowane kuɗi da ya shigo, a wani wuri ban da wayar da ke hannunki. Kada ki ba su sabon littafi, kada ki sa hannu a wata takardar ƙari ko ta sabuntawa sai lauya ya gani. A duba ko akwai sharaɗin fita, a duba ko su ne suka fara saɓa alkawarin biya, domin wannan yakan buɗe hanya. Haƙƙinki na a ambaci sunanki a matsayin wadda ta rubuta littafin yana nan a dokar Nijeriya, ba ya komawa hannun wani muddin kina raye. Lauyan zai kuma fayyace miki abin da sharaɗin yin shiru ya hana da abin da bai hana ba. Da zarar kin san wannan, ki sami shugabar ƙungiyarku ko wata babbar marubuciya da kika yarda da ita, ki gaya mata wanda ya kawo miki tayin da yadda aka bi da ke, don ta sanar da sauran mambobi tun da wuri.